Yadda za ka rage jinkirin intanet a rautar da kamfani ya ba ka

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan mutanen da nake gani suna ƙara kuɗi su hau babban tsari na intanet don wai kiran bidiyo yana katsewa ko gem yana ja musu, su biya, wata ya zagayo, matsalar tana nan daram kamar ba a yi komai ba. Abin yana damuna gaskiya, domin galibi ba ƙarancin gudu ne ciwon ba, jinkiri ne, kuma su biyun ba abu ɗaya ba ne. Gudu shi ne yawan megabit ɗin da layinka zai iya ɗauka a sakan guda. Jinkiri kuwa shi ne lokacin da ɗan ƙunshin saƙo ɗaya yake ɗauka ya tashi daga wayarka ya je sabar, wato kwamfutar da ke can tana amsa maka, ya dawo, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. In aka faɗaɗa titi motoci da yawa za su wuce a tare, amma garin da za ka bai matso kusa ba, kuma in akwai cunkoso a mahaɗa ɗaya tilo duk faɗin nan bai amfane ka da komai ba.

Don ka san inda kake: ƙasa da milisakan 30 abu ne mai kyau ƙwarai, 50 zuwa 100 ana rayuwa da shi lafiya lau, daga 150 zuwa sama ne za ka fara jin kuna cin karo da juna a waya, kai ka yi shiru shi ma ya yi shiru sai ku soma magana lokaci guda. Hukumar sadarwa ta duniya ITU ma a shawararta mai lamba G.114 milisakan 150 ta sa a matsayin iyakar da ake so murya ta ɗauka a tafiya ɗaya. Sannan akwai abin da ya fi lambar kanta muni, wato ta riƙa tsalle, yanzu 20 anjima 400 anjima 35, wannan shi ke sa murya ta riƙa kakkaryewa ko da matsakaicin lissafin ya yi kyau.

Mataki na farko: kada ka taɓa komai sai ka auna

Na roƙe ka kada ka tsallake wannan. Mutane da yawa sukan shiga cikin saitin rauta su yi ta canje-canje, ƙarshe ba su san me ya gyaru ko me ya ɓaci ba. Ka samu takarda da biro.

In kana da kwamfuta mai Windows, buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig, ka nemi layin da aka rubuta Default Gateway, lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka. Yawanci 192.168.1.1 ce ko 192.168.0.1, masu ɗaukar layin sim da yawa 192.168.8.1, kuma sau tari tana rubuce a takardar da aka manna a ƙasan rautar tare da sunan shiga da kalmar sirri. Sai ka rubuta ping -n 50 192.168.1.1 (ko adireshin da ka samo), ping shi ne umarnin da ke aika ɗan saƙo ya auna lokacin zuwa da dawowarsa, ka bari ya gama, a Mac ko Linux kuma -c ake sawa a maimakon -n. In waya kaɗai gare ka akwai manhajoji na kyauta da suke yin ping, kowacce ka samu za ta yi. Rubuta mafi ƙanƙanta, mafi girma, da matsakaici, da kuma ko akwai waɗanda suka ɓace a hanya. Wannan gwajin bai fita daga gidanka ba fa, tsakaninka da rauta ne kawai, don haka ta kebul bai kamata ya wuce milisakan 1 ba, ta Wi-Fi kuma 'yan milisakan kaɗan, in ka ga yana hawa 80 ko 200 tun a nan to ɓarawon yana cikin gida, kamfani ba shi da laifi tukuna.

Na biyu, ping -n 50 1.1.1.1 ko 8.8.8.8, adireshin sabobin da ke can intanet ne, wannan ya fita waje ke nan. Ka yi shi lokacin da ba wanda ke amfani da intanet a gidan. Rubuta.

Na uku shi ne wanda kusan ba mai yi kuma shi ne ya fi tona asiri. Ka sa ping -t 1.1.1.1 (a Mac ko Linux ba sai da -t ba) ya yi ta tafiya ba tsayawa, sannan ka ɗauki waya ka soma tura wani ƙaton bidiyo zuwa Google Drive ko duk inda ka ga dama, ka zuba wa lambobin ido. Bayan nan ka gwada da sauke babban fayil. In ba ka son wahala, shafin fast.com yana nuna jinkiri iri biyu idan ka danna wurin ƙarin bayani, na lokacin da layi yake fanko da na lokacin da yake ɗauke da kaya, speed.cloudflare.com ma haka, akwai kuma gwajin Waveform da ke ba ka maki daga A+ zuwa F.

Yanzu ka duba takardarka. In na farko ne ya lalace, Wi-Fi ne. In na farko da na biyu lafiya amma na uku ya yi tashin gwauron zabi daga 30 zuwa 600, cunkoson layi ne, kuma a kansa zan fi daɗewa. In na biyu ne yake da girma ko da gida shiru, to ko dai nisa ne ko matsalar kamfani.

Maganar nisa in gama da ita a nan: haske a cikin igiyar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan, ma'ana kowace kilomita 1,000 tana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, sabar da ke nisan kilomita 5,000 ba za ta taɓa amsa maka ƙasa da 50 ba ko da wace irin rauta ka saya. Tsohon intanet na tauraron ɗan adam da ke can sama kilomita 35,786 shi ya sa yake kai wajen 600, Starlink kuwa da taurarinsa ke wajen kilomita 550 bai kai ko kusa da haka ba. Abin da ke hannunka a nan ɗaya ne, in gem ko manhaja ta ba ka zaɓi ka ɗauki sabar da ta fi kusa da kai.

Mataki na biyu: kebul

Duk na'urar da ba ta motsi, kwamfutar tebur, talabijin, na'urar gem, ka ja mata kebul. Cat5e ya isa, yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. Riba biyu ce, ita ta huta da hayaniyar iska, sauran wayoyin gidan kuma sun samu sarari. Na san ba kowa zai iya huda bango ba, amma in da hali wannan ne gyara mafi sauƙi a duk rubutun nan.

Mataki na uku: gyara Wi-Fi

Abin da ya kamata ka gane game da Wi-Fi shi ne a tasha ɗaya na'urori bi da bi suke magana, kowacce sai ta saurara ta ji ba mai magana kafin ta ce uffan, kuma ba na gidanka kaɗai ba har da rautar maƙwabta in kuna tasha ɗaya. Wayar da ke can ƙarshen gida da sigina sanda ɗaya tana magana a hankali tana maimaitawa, tana cinye lokacin kowa. To daga nan jinkirin ke fitowa.

Fara da wurin da rautar take. Fito da ita daga bayan talabijin ko cikin kabad, ɗora ta sama a fili kusa da tsakiyar gida, nesa da ƙarfe da madubi da katangar kankare mai kauri, nesa kuma da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef don ita ma a 2.4 GHz take aiki. Sannan buɗe burauza, rubuta adireshin nan da ka samo ɗazu, ka shiga. In rautar tana da 5 GHz, kuma yawancin na yanzu suna da shi, ka ba shi suna daban da na 2.4 don ka san wanda kake kai, ka mayar da wayarka da laftof can. Bai kai 2.4 ratsa bango ba amma tashoshinsa sun fi yawa kuma hayaniya ta fi ƙaranci. Na 2.4 ka bar wa tsofaffin kaya da ɗakuna masu nisa, ka sa faɗin tasharsa 20 MHz, kada ka bar shi a 40, sannan ka zaɓi ɗaya cikin 1, 6 ko 11, su ukun ne ba sa hawa kan juna. Wace za ka ɗauka a ciki? Sauke manhajar duba tashoshin Wi-Fi a wayar Android ka ga inda maƙwabta suka fi taruwa ka kauce musu. In ka ga wani abu mai suna WMM ka bar shi a kunne, kada ka kashe, shi ke ba murya da bidiyo fifiko a iska.

Su kuma ƙananan na'urorin ƙara sigina da ake sokawa a soket, ni dai ba na ba da shawararsu ga mai neman rage jinkiri. Mai rediyo ɗaya sai ta karɓi saƙo sannan ta sake faɗarsa a tasha guda, kowane ƙunshi ya ratsa iska sau biyu ke nan, sandunan sigina za su cika a wayarka ka ji daɗi amma jira ya ƙaru. Gara ka ja kebul zuwa wancan ɓangaren ka sa wata rautar can. Bayan kowane canji ɗaya ka maimaita ping ɗin farko ka rubuta, ɗaya bayan ɗaya, ba duka a tare ba.

Mataki na huɗu: cunkoson layi, inda yawancin ciwon yake

Ga yadda abin yake. Cikin gidanka saƙo yana gudu da ɗaruruwan megabit, amma ƙofar fita zuwa kamfani ƙarama ce, musamman ɓangaren turawa wanda a tsare-tsare da yawa bai kai na saukewa ba ko kusa. Idan kaya suka zo fiye da abin da ƙofar za ta ɗauka, rauta ko modem, wato na'urar da layin kamfani ke shiga, sai ta jera su a ma'ajiya su jira. Masu ƙera kayan nan sun ga ma'ajiya ta yi araha sai suka yi ta ƙara mata girma don kada ƙunshi ko ɗaya ya zube, da kyakkyawar niyya suka yi, amma sakamakon shi ne dogon layi. Yi lissafin da kanka: ma'ajiyar megabait 1 megabit 8 ce, in gudun turawarka megabit 5 ne a sakan, kafin ta zazzage sai an yi sakan 1.6. Ma'ana duk lokacin da wayar wani a gidan ta soma kwashe hotuna tana kaiwa ma'ajiyar intanet, muryarka da ba ta da wani nauyi sai ta tsaya a bayan hotunan nan sama da sakan ɗaya da rabi. Wannan shi ake kira bufferbloat, sunan da wani injiniya Jim Gettys ya raɗa masa a 2010 bayan ya bi diddigin abin a intanet ɗin gidansa. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel, daga ita aka samu fq_codel, daga baya kuma CAKE. Abin da suke yi a taƙaice: suna raba wa kowace hira layinta, mai ɗan ƙaramin saƙo kamar murya ko gem ya wuce nan take, mai ƙaton kaya kuma a riƙa yi masa alama ya sassauta kafin layi ya yi tsawo.

Amma akwai sharaɗi, kuma nan ne mutane ke ƙin yarda. Dole layin jiran ya kasance a cikin na'urar da kake iko da ita, ba a modem ko wajen kamfani ba, kuma hanyar yin haka ita ce ka rage gudunka da kanka kaɗan. Ka auna gudu ta kebul sau uku ko huɗu a lokuta daban, har da dare lokacin da kowa ya dawo, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka sa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari nasa a matsayin iyaka. In kana samun 50 a saukewa da 10 a turawa, sa 45 da 9. Eh ka yi asarar megabit biyar, wallahi ba za ka ji rashinsu ba, amma faɗuwar jinkiri daga ɗaruruwa zuwa 'yan gomomi za ka ji shi a kiran farko. Ni a ganina babu cinikin da ya kai wannan riba a duk harkar intanet ɗin gida.

To ina ake sawa? Duba cikin rautar kamfanin ko akwai wurin da aka rubuta QoS, SQM, Smart Queue ko Bandwidth Control, duk sunayen saitin tsara layin jira da taƙaita gudu ne. In akwai inda ake rubuta gudun turawa da na saukewa, sa lambobin nan ka sake gwaji na uku. In jinkirin bai sauka ba ƙara ragewa zuwa kashi 80, in ya sauka sosai ka ɗan ƙara sama har ka ga inda ya fara tashi sai ka dawo baya kaɗan. Lura, wasu rautocin in ka kunna QoS suna kashe wata hanyar gaggawa ta cikin injinsu, a layi mai ɗaruruwan megabit gudun zai iya faɗuwa fiye da yadda ka sa, don haka ka auna gudun ma.

In ba ka samu komai ba, wanda shi ne ya fi yawa don kamfanoni sukan kulle rautocinsu, kafin ka kashe ko kwabo ka yi maganin abin daga tushe. Bi wayoyin gidan ka duba masu tura hotuna da bidiyo kai tsaye, Google Photos, iCloud, ajiyar WhatsApp, ka tsara su su yi aikinsu lokacin barci. Manhajar torrent ka sa mata iyakar turawa, Steam da sabunta Windows duk suna da wurin taƙaita gudu. Kyamarorin tsaro masu tura hoto waje dare da rana su ma suna ci. Duba jerin na'urorin da ke jone a rautar, in ka ga baƙo canza kalmar sirri.

Mataki na biyar: sa taka rautar a bayan tasu

Wannan shi ne maganin dindindin ga wanda aka kulle wa komai. Ka samu rauta mai SQM, ko wadda ke karɓar OpenWrt, wata manhajar tafiyar da rauta da ake sawa a maimakon wadda ta zo da ita, ka duba jerin na'urorin da ke shafinsu kafin ka saya ba bayan ka saya ba. Kebul daga ramin LAN na rautar kamfani zuwa ramin WAN na taka. Kashe Wi-Fi ɗin ta kamfanin gaba ɗaya, wannan yana da muhimmanci, domin duk wayar da ta zagaye ta jona can ta tsallake tsarin naka kuma ita kaɗai ta isa ta cika layin. Sai ka nemi Bridge Mode a ta kamfanin, saitin da ke sa ta miƙa wa taka layin kai tsaye, in babu ka kira su ka ce su mayar maka, in layinka PPPoE ne, wato irin wanda rauta ke shiga da suna da kalmar sirri, ka karɓi sunan shiga da kalmar sirrinsa don taka rautar za ta buƙace su. In sun ƙi, ba a rasa komai ba, SQM zai yi aiki haka nan. Abin da zai saura shi ne NAT biyu a jere, wato rautoci biyu kowacce tana sauya adireshin saƙon da ke wucewa, shi kansa ba ya ƙara wani jinkirin kirki amma yana hana wasu gem haɗa ka da abokin wasa kai tsaye, maganinsa ka sa adireshin taka rautar a DMZ na tasu, saitin da ke miƙa mata duk saƙon da ya shigo daga waje. Ka tabbatar lambobinsu ba su zo ɗaya ba, in tasu 192.168.1.1 ce mayar da taka 192.168.2.1.

A OpenWrt, sauke luci-app-sqm, buɗe SQM QoS a ƙarƙashin Network, zaɓi ƙofar WAN, rubuta gudun biyu amma a kilobit fa, wato 45000 da 9000 a misalinmu, a ɓangaren tsarin layi ɗauki cake da piece_of_cake.qos, kunna, ajiye. In ka kunna saitin flow offloading a baya ka kashe shi don yakan sa kaya su zagaye SQM. Ƙaramar rauta mai raunin inji ba za ta iya CAKE a kan ɗaruruwan megabit ba, mai layi babba ya nemi mai ƙarfi.

Masu rautar sim ta 4G ko 5G, naku ya ɗan fi wuya don gudun yana canzawa da yawan mutanen da ke kan turken sabis ɗin. Ku sa iyaka daidai da gudun lokacin cunkoso, ko da a ɓangaren turawa kaɗai ne. Kuma kada ku yarda da sandunan sigina, ku shiga shafin rautar ku duba RSRP, wato ƙarfin sigina, da SINR, wato tsabtarsa daga hayaniya: RSRP wajen -80 mai kyau ne, in ya gangara ƙasa da -100 ya yi rauni, SINR kuwa iya yawansa iya kyansa, sama da 13 ya yi, kusa da sifili wahala ce. Ɗauki rautar ka zagaya da ita taga-taga kana kallon lambobin, wani lokacin matsar da ita mita ɗaya ya isa, in tana da ramin eriya ta waje kuma sigina ya yi rauni ya cancanci a sa.

Sauran ƙananan abubuwa

Canza DNS, wato sabar da ke nemo adireshin shafi daga sunansa, zuwa 1.1.1.1, 8.8.8.8 ko 9.9.9.9 zai iya sa shafi ya fara buɗewa da wuri in na kamfanin yana nawa, amma ba ya rage ping a cikin gem ko kira, don da zarar an samo adireshi aikinsa ya ƙare. VPN yawanci ƙara tafiya yake, ka kashe ka gwada. Sabunta manhajar rautar in akwai sabuwa, kada ka rufe ta da ƙyalle ko ka bar ta a rana don zafi yana sa ta rikice, in kuma sai ka kashe ka kunna kullum kafin ta yi daidai to ta gaji ne, ka nemi su canza maka.

In ka yi duk wannan, ping zuwa rauta ƙasa da 1 ta kebul, gida shiru, amma na waje har yanzu yana sama ko ƙunshi yana ɓacewa, yanzu ne lokacin kiran kamfani, kuma ka je da hujja. Rubuta tracert 1.1.1.1 a Windows, traceroute a Mac da Linux, zai jero maka zangon da saƙo ke bi ɗaya bayan ɗaya. In zango ɗaya a tsakiya ya nuna babbar lamba ko alamar * amma na bayansa suka dawo ƙasa kada ka damu, wannan na'urar ce kawai ba ta kula amsa gwaji. Abin nema shi ne inda lambar ta hau ta kuma zauna a sama har ƙarshe, in tun zango na biyu ko na uku ne to a cikin layinsu ne. Yi gwajin da safe da kuma dare na kwana uku, ɗauki hoton allo da lokaci a jiki, in dare kaɗai yake lalacewa ka gaya musu haka ƙarara don alamar cunkoso ce a ɓangarensu. Mai faiba ya ce su auna ƙarfin hasken da ke isowa kuma su duba ko igiyar ta lanƙwashe, mai DSL, wato intanet ta igiyar tarho, ya tambaye su ko za a iya rage masa interleaving, wani saitin kare saƙo daga kuskure da ke ƙara jinkiri, sannan ka karɓi lambar ƙorafin kafin ka ajiye waya.